Hujin da Na Toshe a Rumfar Baba Gado

Aikin nan wahala ne tun ranar da na shige shi, kuma har yau bai yi sauƙi ba. Ku da kuke zuwa kuna tsayawa a kaina kuna kallon injin yanka makulli yana ƙara, minti biyu ya tofo muku makulli, kuna cewa ai wannan kowa ma ya yi, ba ku san komai ba. Injin nan shekararsa shida kacal a hannuna. Kafin shi da magagari muke ci, haƙori ɗaya bayan ɗaya, har fatar yatsa ta mutu ta daina jin zafi. Kuma yankan makulli ba shi ne sana'ata ta asali ba. Ni murfin tankin mota na koya, na tagulla, mai kulle, irin wanda ake yi wa ƙananan motocin nan na Turawa masu kujera biyu, marasa rufi. Yau ko ka zaga Yelwa da Birnin Yauri da Shanga ba za ka ga guda tana tafiya ba. Amma an yi su a ƙasar nan. Na ci abinci da su, kuma da su na ɓata sunan mutumin da ya koya mini aiki. Wannan na ƙarshen shi ya sa na zauna rubutu, ko da yake karatuna bai wuce aji uku ba.

Sunan maigidana Baba Gado. Maƙerin fari ne, wato ba ya ƙera fartanya ko gatari, aikinsa tagulla da azurfa da dalma: mundaye, zobba, kwaɗon akwati. Gidansu na wani gungu a tsakiyar kogi, can wajen Ngaski, inda 'yan'uwansa ke noman albasa. Shi kuwa yana zama a rumfar maƙera ta tsohuwar kasuwar Yelwa, kusa da bakin ruwa. Inna ce ta kai ni wurinsa shekarar da aka ba mu mulkin kai, ina da shekara sha bakwai. Ta ajiye goro a gabansa ta ce ga Labbo nan, ba shi da gona ba shi da jirgi, a koya masa abin da zai ci. Baba Gado ya dubi hannuwana, bai dubi fuskata ba, ya nuna mini zuga-zugi da haɓa.

Shekara uku na yi ina zuga. A rumfar maƙera ba a tambaya. Ku yanzu kuna tambayata sau ashirin kafin azahar, me ya sa kaza, me ya sa kaza, ina amsa muku. Mu a lokacinmu in ka ce me ya sa, ka zagi maigidanka ke nan, ka nuna kana shakkar aikinsa. Kallo ake yi. Abin da idonka ya kama naka ne, abin da bai kama ba sai wata shekara. Ranar da na fara tambayar Baba Gado don me yake zuba kashin jaki a yumɓu, sai ya ce in tafi in tambayi jakin. Maƙera suka yi mini dariya har la'asar. Ban sake ba.

Murfi na farko da muka yi na wani Bakwara ne, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayen gyaɗa, mai wata jar mota. Lokacin nan aka fara maganar za a datse kogi a Kainji, baƙi suka fara shigowa, injin jirgin ruwa ya fara yawa a bakin kogi. Inji kuwa sai da fetur, fetur kuwa wuri ɗaya ake sayar da shi a duk Yelwa. Motocin nan ƙanana, da mutane ke ce wa kwalekwalen tudu don sun yi ƙasa-ƙasa sun yi tsawo, murfin tankinsu a waje yake, a bayan kujera, yana ƙyalli kamar madubi. Da babban yatsa ake danna shi ya yi tsalle ya buɗe. Mutum zai ajiye motarsa ya shiga kasuwa, kafin ya fito wani ya zura tiyo ya tsotse masa rabin tanki. Bakwaran nan sau uku ana yi masa haka. Ya zo rumfa da murfinsa a hannu ya ce ko akwai mai iya sa masa kwaɗo. Maƙeran baƙi suka ce a walda masa zobe a rataya kwaɗon ƙofa. Ya ce motarsa ba rumbun gero ba ce. Baba Gado ya karɓi murfin, ya jujjuya shi, ya kai shi bakinsa kamar mai shan fura a ludayi, ya ce ya dawo bayan kwana goma.

Ga yadda ake yi, ku saurara, don ba mai sake nuna muku. Da farko a ɗauki awon bakin tanki da kakin zuma mai ɗumi, a danna har ya ɗauko siffar kunnuwa biyun da ke ciki. Sannan a gina murfin gaba ɗaya da kaki, yadda ake so ya fito. A lulluɓe shi da yumɓu mai laushi, a bari ya bushe a inuwa, a ƙara wani mai kauri wanda aka haɗa da kashin jaki don kada ya tsage a wuta. Wannan amsar sai da na shekara biyar na gano ta da kaina. A gasa shi, kakin ya narke ya zubo, ya bar gurbinsa. A narka tagulla a kasko da gawayin ƙirya, ba kowane gawayi ba, a zuba cikin gurbin da numfashi ɗaya. In hannunka ya yi rawa, iska ta shiga, aikin kwana huɗu ya tafi. In ya huce a fasa yumɓun. Abin da zai fito baƙi ne, mummuna, mai ƙaiƙayi, daga nan ne aikin magagari zai fara. Kullen kuwa a cikin cibiyar murfin ake dasa shi, da harshe mai shiga ƙarƙashin kunnen tanki in an murɗa makulli. Abin da ke mai da harshen baya daga cikin mataccen agogo muke ciro shi, ƙarfen nan siriri mai naɗewa. A ƙarshe a yanka zoben toshiyar kwalba a liƙa a ƙasa don kada mai ya yi ta fantsama. Robar taya ba ta yi, fetur na cinye ta.

Duk wannan a gabana ake yinsa. Abu ɗaya ne ba a yi a gabana. In murfi ya kusa gamuwa, Baba Gado zai ɗauke shi ya shiga bayan wata zana da ya kafa a ƙuryar rumfa, ya yi ɗan lokaci, ya fito. In ya fito sai ya kai murfin bakinsa ya hura, ya saurara, ya gyaɗa kai. Kowane maƙeri yana da abin da yake yi a ɓoye, wani layu, wani magani, ba abin mamaki ba ne. Ni na ɗauka tofi yake yi wa aikin don kada ɓarawo ya ci galabarsa. Da kansa kuma yake yin gugar ƙarshe da toka da lemun tsami, da kansa yake ɗaurawa a mota.

Murfin Bakwara ya yi kyau, labari ya tafi. Muka yi wa wani likita, muka yi wa wasu Turawa biyu masu awon ƙasa, har daga Kontagora aka aiko da awo. Ba su da yawa, motocin, amma masu su ba sa ciniki, kuma murfi ɗaya ya fi mundaye ashirin. A shekarun nan in Baba Gado ya shigo rumfa maƙera gyara zama suke yi.

Sai dai akwai abin da na lura da shi. Wani lokaci zubi kan fito da ɗan rami nan da can, inda iska ta maƙale, Baba kuma ya wuce shi bai ce komai ba. Na ce a raina tsoho ido ya fara tafiya. Sai in bari ya fita alwala, in ɗauki ƙarfen liƙi in cike ramin da dalma, in goge. A mundaye nake yi, a kwaɗon akwati nake yi. Ina ganin rufa masa asiri nake yi, kuma, in faɗi gaskiya, ina ganin na fara fin shi.

Murfin Mai Lofe shi ne na tara ko na goma. Bature ne, dogo, mai ɗingishi, lofe ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu, shi ya sa aka sa masa sunan. Shi ke kula da motocin kamfanin da ke gina sababbin garuruwa inda za a kwashe mutanen bakin kogi da na gungu. Motarsa koriya ce, yana wanke ta da hannunsa, ba ya bari kowa ya taɓa. Yana jin Hausa, amma a karkace. Ya ce wa Baba Gado ana shanye wa manyan motocinsa mai a hanya fiye da yadda inji ke sha. A yi wa ƙaramar tukuna ya gwada. In ta yi, duk motocin kamfani Baba zai yi wa murfi.

Ku gane abin da wannan ke nufi. Gungunsu Baba Gado na cikin waɗanda ruwa zai ci. Gonar albasa za ta tafi, gidan ubansa zai tafi, mutum sama da ashirin kuma shi za su zuba wa ido. Aikin motocin nan shi ne abin da zai riƙe su da shi. Ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta wannan murfi ba. Sau biyu yana rushe kakin yana sake ginawa.

Ranar da ya shiga da shi bayan zana ya fito ya hura, sai ga ɗan aike daga gungu, wai masu shafa lamba a gidaje sun iso, kowane maigida ya tsaya a ƙofar gidansa, wanda ba ya nan ba za a rubuta shi ba. Baba ya tsaya da murfin a hannu yana duban hanyar bakin ruwa. Sannan ya miƙo mini, karo na farko a shekara bakwai, ya ce in goge shi in kai wa Bature kafin la'asar, kada in ƙara komai kada in rage komai.

Ina cikin guga na ga hujin. A ƙarƙashin leɓen murfin yake, inda ido ba ya kaiwa sai an kifa shi, bai fi tsinin allura ba. Na zura zare ya wuce har ciki. Na ce subhanallahi, aikin da za a gwada mu da shi, ga rami har ya ɓulle, tsoho bai gani ba. Mai zai riƙa tsiyaya, ƙura za ta riƙa shiga, Bature zai ce ba mu iya ba. Akwai maƙera shida a rumfar a lokacin, ban tambayi ko ɗaya ba, don in na tambaya na tona asirin maigidana. Na ɗora ƙarfen liƙi a wuta, na ɗiga dalma, na goge har sai da na ga fuskata a wurin. Na kai, na ɗaura, makulli ya murɗa kamar a man shanu. Mai Lofe ya bubbuga kafaɗata. Na dawo ina tafiya kamar na ci kokawa.

Kwana biyar motar na yawo cikin gari lafiya lau. Rana ta shida babban da ke sama da Mai Lofe a kamfani ya zo daga wurin datsi don ya duba sababbin gidaje ta wajen Ngaski. Maimakon su shiga motar daji, Mai Lofe ya ce zai kai shi a koriyar, don ya yi masa burga. Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Sun yi nisa cikin daji motar ta fara tari ta mutu. Suka jira, ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa, daga nan ba ta ƙara motsi ba. Mutum mai ɗingishi da babbansa mai tumbi suka taka a ƙasa har wani ƙauyen Kambari. Da yamma aka shigo da su Yelwa a bayan motar albasa, zaune bisa buhuna, fuska ja wur, lofen ma ya faɗi a hanya. Duk kasuwa ta gani. Mutanen Yelwa kuwa kun san su da dariya.

Aka jawo motar. Makaniken kamfani, wani Banufe ana ce masa Ndagi, ya kwana biyu yana kwance inji yana ɗaurawa bai ga komai ba. Sai ya ce bari ya duba ko ruwa ne a cikin man. Ya karɓi makulli ya murɗa murfin. Ya ce murfin ya yi huci kamar kububuwa, tankin kuma ya yi ƙara ɓam, don ashe ya lotse ciki kamar an taka shi. Ya mai da murfin gefe ya tayar da mota, ta tashi nan take.

Ku da kuke shan shayi kun san gwangwanin madara huji biyu ake yi masa, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Tankin mota haka yake. In mai na fita iska ba ta shiga, can sai man ya tsaya. Abin da Baba Gado ke yi a bayan zana ke nan, huji ɗaya da allurar ƙarfe. Abin da yake hurawa ke nan, yana ji ko iska na wucewa. Ni ban san wannan ba sai ranar da Ndagi ya tsaya a tsakiyar rumfarmu yana bayyana shi da ƙarfi, ranar kasuwa, mutane sun yi dafifi.

Mai Lofe bai yi ihu ba. Ya ajiye murfin bisa uwar maƙera ya ce, "Wane mutum ya yi wannan?"

Baba Gado ya ɗauka, ya kifa, ya bi leɓen da farcen babban yatsa. Farcen ya tsaya daidai wurin. Ya kankare kaɗan, farar dalma ta fito a cikin jar tagulla. Ina zaune a bakin zuga-zugi, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Bai dube ni ba. Ya ajiye murfin ya ce a ba shi ruwa. Aka kawo masa a moɗa, ya sha a hankali, ya kurkure baki, ya zubar, ya sake sha. Ni ina kallon gawayi.

Ya ajiye moɗar ya ce, "Daga rumfata ya hito. Aikina ne."

Mai Lofe ya ce maƙerin da bai san tanki na numfashi ba, ba zai taɓa masa ko amalanke ba. Ya ɗauki murfinsa ya fita. Na manyan motoci daga Kaduna aka yi odarsu.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma rumfar maƙera ba ta mantuwa, kuma akwai waɗanda shekara da shekaru suna gyara masa zama ba da son ransu ba. Kafin sati ya zagayo an sa masa suna Matoshi. Wani in ya zo wucewa sai ya kama hancinsa ya ce, "Gado, a bar mu mu sha iska." Mai kawo kwaɗon akwati sai a ja shi gefe a ce tsohon ba ya gani, kai wa wane. Likita ya aiko direbansa a duba nasa murfin ko shi ma a toshe yake. Aka duba, ga huji nan lafiya lau, amma ba wanda ya tsaya ya ce to, mutumin da ya huda tara, yaya aka yi ya manta na goma. Mutane ba sa tsayawa irin wannan lissafi in dariya ta yi daɗi. Baba bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Ni ma bai ce mini komai ba. Da safe in gaishe shi ya amsa, ya nuna mini aiki da haɓa, kamar kullum. Sai dai zanar nan ya cire ta ya ƙona.

Bayan wata biyu Ndagi ya zo yana neman mai iya magagari da liƙi a garejin kamfani. A gaban Baba ya ce ni yake so, don ni ko ba komai idona na gani. Na dubi Baba, ya ce in tafi. Na tafi. A can na sake yi wa koriyar murfi, da hujinsa, Mai Lofe ya ce ashe almajirin ya fi malamin. Na ji, ban gyara masa zancen ba. Duk kwalekwalen tudun da ya rage a ƙasar nan ya dawo hannuna, har aka fara ce mini Labbo Mai Murfi. Na yi aure a shekarar.

Shekarar da ruwa ya taso ita ce muguwar shekara. Ba dare ɗaya ya zo ba, kullum ka fito ka ga ya ci wani abu: jiya mashaya, yau gindin tsamiya, gobe bakin kasuwa. Gawayin ƙirya ya yi wuya, don inda ake ƙona shi ya nutse. Mutanen gungu da ke sayen mundaye suna can suna neman inda za su kafa turmi. Kamfani ya gama gini ya fara sallamar mutane, Turawa suka fara sayar da kaya. Jar motar Bakwara wani Alhaji mai fataucin kifi ya saya, ya cire kujera ɗaya yana loda kwandunan banda, wata shida ta karye a tsakiya. Koriyar aka ɗora ta bisa babbar mota aka yi kudu da ita. Ta likita na gan ta bayan shekaru a bayan wani gida, kaji na ƙwai a ciki, murfinmu na nan a jikinta yana kulle. Baba Gado kuwa, da ciniki ya tsaya masa cak, ya naɗe kayansa ya bi danginsa sabon garin da aka ba su.

Aka gina sabuwar rumfar maƙera a tudu, ba ta kai tsohuwar girma ba. Sarkin Maƙera ya kira ni ya ce gurbin maƙerin fari guda ɗaya ne. Ya ce a bisa al'ada na Gado ne, shi ne babba, shi ya fi kowa daɗewa, da a ce idonsa na nan ba wanda zai yi maganar wani. Amma ba za a ba makaho gurbi a bar mai gani a rana ba. Jibi za a yi rabo, in zo da uwar maƙerata. A lokacin kamfani ya riga ya sallame ni, matata na da ciki wata bakwai, kuma har yanzu ba ni da gona ba ni da jirgi.

Washegari na shiga jirgi mai inji na tafi wurin Baba. Muka bi ta kan gungunsu. Ba abin da ake gani sai kawunan giginya. Sabon garin na kan tsandauri, gidajen siminti a jere masu rufi kamar tanda, ba itace ko ɗaya. Na tarar da shi bayan azahar a ƙarƙashin 'yar inuwar kara, yana lanƙwasa ƙugiyoyi da waya yana sayar wa masunta. Ƙananan ƙugiyoyi ne, na kama ƙananan kifi, yana fid da ƙayar kowace da bugu ɗaya ba ya kuskure. Na zauna na daɗe ina kallon hannunsa. Ba abin da ya sami idon mutumin nan. Ramukan da nake cikewa a mundaye, daga baya na gane, ya gan su sarai, ya san na banza ne, guga za ta cinye su.

Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi mai ciki. Sannan na ce, "Baba, hujin murfin Mai Lofe, ni na toshe shi."

Bai ɗago ba. "Na sani. Wa ke ɗiga dalma da yawa haka in ba kai ba?"

Na ce na ɗauka iska ce ta shiga zubi. Ya tambaye ni, to da yake kai murfi baki yana hurawa, mi nike tsammani yana yi. Na ce tofi. Ya ajiye ƙugiyar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, har wata tsohuwa ta leƙo daga ɗaki.

"Tofi. Ni da ban ƙare izu biyu ba."

Da tarin ya lafa ya ce shi ma da nasa laifin. Ubansa bai taɓa gaya masa komai ba, shi ma ya ɗauka haka ake riƙe sana'a. Huji ɗaya, ya ɓoye shi bayan zana kamar azurfa. Da ya buɗe baki sau guda a shekara bakwai, da yanzu wani zance ake.

Na ce to me ya hana shi faɗin sunana a gaban Bature.

"Maigida ba ya nuna yaronai da yatsa gaban baƙo. Wanga aikin bakinka ne." Ya ɗauki wata wayar. "Ruwan da na ce a ba ni rannan, ba ƙishirwa nike ji ba, Labbo. Jiranka nike yi."

Ya ci gaba da aikinsa, na ci gaba da zama, har mai jirgi ya aiko a ce za a tashi. Ya sa aka ɗauro mini busasshen kifi in kai wa Inna. Ya rako ni har bakin ruwa, abin da bai taɓa yi ba. Ina sa ƙafa a jirgi ya ce ya ji gobe ake rabon rumfa. Na ce haka ne.

"To," ya ce. "Uwar maƙerata na nan cikin ɗaki. An taya, ban sai da ba."

Washegari da safe na ɗauki tawa uwar maƙerar a kai na hau tudu. Maƙera duk sun hallara, Ndagi ma yana nan ya zo sayen gatari. Sarkin Maƙera ya ce ya ji na je wurin Gado jiya, yaya idon nasa.

Na ce, "Sai a hankali."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya nuna mini gurbin da sandarsa. Na ari dagi, na haƙa rami, na kafa uwar maƙerata, na danne ƙasar da ƙafa.